Ƙaramar Hukuma da Asusun Haɗin Gwiwa a Ƙasar Kebbe

Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ƙasar Kebbe da ta Tambuwal suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato ne. Dagaci ya tara haraji da jangali, hakimi ya kai baitulmali, talaka ba ya tambaya. Gyaran ya kawo majalisa mai kansiloli, daga baya kuma Kebbe ta samu ƙaramar hukumarta, ɗaya daga cikin 23 na jihar.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 7, ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni ga ƙananan hukumomi. Amma sashe na 162 ya sa kasonsu na tarayya ya biyo ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ganina nan gizo ke saƙar. Mutumin Kuchi ko Girkau shi ke jefa ƙuri'a, amma jakar kuɗin tana Sakkwato. Malaman firamare sun fi kowa sanin haka, domin daga wannan kaso ake cire albashinsu tun bai iso gida ba. Ba rashin manya ba ne: ɗan majalisar mazaɓar Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, asusun kuwa bai motsa ba.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu.