Daga Agege zuwa Kano: yadda ake kulle saƙo a hanyar intanet, da yadda ake gane mai karɓarsa

Aikina haɗa kwamfutoci da kyamarorin tsaro a shaguna da ofisoshi, kuma na kwashe shekaru ina yin sa a nan Legas. Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wani Alhaji ɗan kasuwa mai shago a Agege, babban sitonsa kuma yana Kano. Lissafin kayansa duka a kwamfuta ɗaya yake a can Kano, yaran shago na nan suna shiga ta intanet su ga abin da ya rage, su rubuta abin da aka sayar. Ranar da na gama haɗa masa, sai ya yi mini wata tambaya da har yau nake ganin ta fi ta wasu masu digiri ma'ana. Ya ce, "To Malam, wannan lissafin nawa da yake tafiya daga nan zuwa Kano, ta hannun wa da wa yake bi?"

Amsar ita ce ta hannun mutane da yawa, kuma bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan ka tura abu ta intanet, na'urarka ba ta tura shi a dunƙule. Yanyanka shi take yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yawanci bai wuce bayit 1,500 ba, a goshinsa an rubuta adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Ƙunshin zai fita daga rautar shagonka, ya shiga na'urorin kamfanin da ke ba ka data, ya tsallaka zuwa na wani kamfanin, haka-haka har ya isa. Duk wanda ya taɓa bai wa direba saƙo a tasha ya san yadda abin yake: ka ba direba, direba ya ba yaron mota, a hanya a sauya mota, can a ajiye wa ɗan kamasho. Intanet ɗin asali an gina ta ne tsakanin jami'o'i da cibiyoyin bincike a Amurka, mutanen da suka yarda da juna, don haka ba a sa wa ƙunshin ambulan ba. A buɗe yake tafiya. Wanda ke riƙe da wata na'ura a kan hanya zai iya karanta shi, zai iya canza lamba a ciki, zai iya ma ƙirƙiro nasa ya rubuta adireshinka a kai.

Maganin wannan abu biyu ne, kuma mutane suna yawan ɗaukar su a matsayin abu guda. Na farko kulle saƙo: a hargitsa shi da lissafi ta yadda wanda ba shi da mabuɗi ba zai ga komai ba sai shirme. Na biyu tantancewa: a tabbatar wanda ke ɗaya ɓangaren shi ne wanda ya ce shi ne, kuma ba a taɓa saƙon a hanya ba. Kulle ba tare da tantancewa ba kamar ka sa kuɗi a akwatin ƙarfe ne, ka garƙame, sannan ka miƙa wa ɓarawo akwatin da mabuɗin saboda ya sa riga irin ta yaron gidanku.

Hanyar da na bi wa Alhaji sunanta IPsec. Ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet, wato IETF, ta fara fitar da ita a 1995, aka gyara a 1998, aka sake sabuntawa a 2005. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura take zaune, can ƙasa inda ake ɗaure ƙunshi. Saboda haka manhajar lissafin Alhaji, wadda tsohuwa ce kuma ba ta san wani abu wai shi kulle ba, ba sai an taɓa ta ba. Ita dai ta miƙa bayananta, a ƙasa a kulle su kafin su fita. Windows tana ɗauke da IPsec tun daga Windows 2000, kuma a na yanzu ana saita ta ne cikin sashen katangar tsaro. A Linux akwai manhajoji irin su strongSwan da ke yin aikin. IPhone na da ita, haka ma wayoyin Android na baya-bayan nan. Wato abin yana aljihun yawancinmu, ba mu dai taɓa buɗe wurin ba.

Tana aiki ta fuska biyu. Akwai inda ake kulle cikin ƙunshin kawai a bar adireshin asali a waje, wannan tsakanin kwamfuta da kwamfuta ne. Akwai kuma inda ake ɗaukar ƙunshin gaba ɗaya, har da adireshinsa, a kulle, a zura shi cikin sabon ƙunshi mai adireshin rautar Kano. Wannan na biyun shi ake yi tsakanin reshe da reshe, kuma shi ne ainihin abin da ake kira VPN. Mai leƙe a hanya zai ga dai Agege na magana da Kano, zai ga yawan abin da ke wucewa da lokacin da ya wuce, amma ba zai san ko lissafin shinkafa ba ne ko hoton kyamara.

Makullin da ake amfani da shi yau yawanci AES ne, wanda wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, Amurka ta amince da shi a 2001. Tsawon mabuɗinsa bit 128 ne, ko 192, ko 256. Wanda ya gada, DES, bit 56 ne kawai, kuma a 1998 wata ƙungiya a Amurka ta ƙera na'urar da ta fasa shi cikin awa 56 ta hanyar gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce ai 128 bai fi ninki biyu da ɗan wani abu na 56 ba. Kowane bit ɗaya da aka ƙara ninka aikin ɓarawo yake yi sau biyu, to ka lissafa ninki sau 72 a jere. Babu wanda ke zama ya gwada wannan. Shi ya sa 'yan damfara ba sa wahalar da kansu da makulli, mai riƙe da mabuɗin suke nema.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure mini kai lokacin da nake koyo: idan hanyar ba amintacciya ba ce, ta ina Agege da Kano za su yi musayar mabuɗin tun farko? Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka wallafa mafita a 1976. Ni da yaji nake kwatanta wa mutane. A ce masu suya biyu, ɗaya a Obalende, ɗaya a Sabo ta Ibadan, sun amince a bainar jama'a kan wani yaji na gama-gari. Kowa ya koma gida ya daka nasa sirrin a ciki, ya aika wa ɗan'uwansa haɗin. Da ya iso, kowa ya sake zuba nasa sirrin a kan wanda aka aiko masa. Yanzu su biyun suna riƙe da yaji iri ɗaya sak: na gama-gari da sirrin wannan da sirrin wancan. Direban da ya kai saƙon ya ga haɗi biyun, amma yajin da aka riga aka daka ba ya rabuwa, balle ya ciro sirrin wani daga ciki. A kwamfuta da manyan lambobi ake yin wannan, a cikin wata gaisawa da ake kira IKE, kuma bayan ɗan lokaci na'urorin suna watsar da mabuɗin su haɗa sabo.

Sai dai dabarar yajin tana da rami. Idan direban nan ya zauna a tsakiya, ya ce wa na Obalende shi ne na Sabo, ya ce wa na Sabo shi ne na Obalende, zai haɗa yaji da kowannensu, kuma duk saƙon da ya wuce sai ya buɗe ya karanta ya sake kullewa. Nan ne tantancewa ta shigo. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa kalmar sirri guda a na'urorin biyu tun kafin su fara magana. Hanya mafi ƙarfi ita ce takardar shaida ta lantarki, wadda wata hukuma da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ta sa wa hannu, kowace na'ura da tata. Bayan an gane juna, kowane ƙunshi yana tafiya da hatimin lissafi, ko harafi ɗaya aka canza a hanya hatimin ba zai dace ba, sai a jefar da shi. Ana kuma ba kowane ƙunshi lambar jeri, don kada wani ya kwafi saƙon "a saki buhu 50" ya sake turo shi gobe.

To a nan ne na yi kuskurena, kuma gara in faɗa. Don sauri, kalmar sirri guda na sa wa kowa: rautar shago, kwamfutar Alhaji, da wayoyin yara uku da ke duba kaya daga waje. Bayan wasu watanni ɗaya daga cikin yaran ya bar aiki ba da daɗi ba. Babu wanda ya tuna da ni, ni ma ban tambaya ba. Sai da Alhaji ya lura wani abokin gasarsa yana sanin ranar da kayansa suka yi ƙasa da farashin da ya saro, sannan ya kira ni. Da na duba rajistar rautar Kano, sai ga wata waya tana shiga da daddare, lafiya lau, da kalmar da ni na ba ta. AES bai gaza ba, babu abin da aka fasa. Ƙofar ta tambayi kalma, an ba ta, ta buɗe. Wallahi kunyar da na ji ranar ba ta misaltuwa. Kwana biyu na yi ina sauya tsarin zuwa takardar shaida, kowace na'ura da tata, ta yadda in mutum ya tafi, tasa kaɗai za a soke.

Takardar shaida ma tana da nata ciwon kai a ƙasarmu. Tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka dole agogon na'ura ya zama daidai. Wasu ƙananan rautoci in an ɗauke wuta suka mutu, sai su farka da kwanan watan shekarun baya, su ƙi amincewa da takardar da ke da kyau. Sau biyu ana tashi na da asuba kan wai "layin Kano ya mutu", ashe agogo ne. Yanzu duk inda na yi aiki sai na sa ƙaramin batir a bayan rauta.

Na san yawancin masu karanta wannan ba su da reshe a Kano. Waya ce kawai a hannu, da manhajar banki, wataƙila da na'urar POS. Ku ma wannan lissafin ne ke tsaron ku, da wani suna. Shafin da adireshinsa ya fara da https yana amfani da TLS, wanda sabon salonsa na 1.3 ya fito a 2018, kuma shi ma kulle ne da takardar shaida. Manhajojin banki haka suke. WhatsApp ya kammala kulle saƙonni daga waya zuwa waya a 2016. Saboda haka shiga Wi-Fi na otal ko na filin jirgi bai kai haɗarin da yake da shi shekaru goma sha biyar da suka wuce ba. Amma in burauza ta tsaya ta ce maka ba ta yarda da takardar shaidar wani shafi ba, kada ka danna "ci gaba" don kana sauri. Tana gaya maka ne mai yiwuwa direban nan ya zauna a tsakiya. Kuma https na nufin an kulle hanya zuwa shafin da ke rubuce a sama ne kawai. Ɗan damfara ma yana iya samun takardar shaida wa shafinsa mai suna kama da na bankinka, harafi ɗaya ne bambanci. Karanta sunan da kyau.

Sai maganar VPN na kyauta. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa sun sauke irin waɗannan manhajoji, kuma har yau ina ganin su a wayoyin 'yan'uwa a kunne. VPN ɗin Alhaji bakinsa biyu duk nasa ne, Agege da Kano. Na kyautan nan kuwa ɗaya bakin yana hannun wani kamfani da ba ka san shi ba, a ƙasar da ba ka sani ba. Ka ɓoye wa kamfanin layinka inda kake zuwa, ka nuna wa baƙo. Kuma sabar da yake gudanarwa kuɗi take ci, to da me yake biya in kai ba ka biya ba? Ni ra'ayina, in ba ka da wata takamaimiyar buƙata, cire shi, musamman a wayar da kake harkar kuɗi da ita. Wasu bankunan ma in suka ga kamar daga wata ƙasa kake shiga, sai manhajar ta ƙi buɗewa.

Lambar nan ta wucin gadi da banki ke turo maka ta tes, ita ma tantancewa ce, daidai da kalmar da na ba yaron Alhaji. Wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanto masa ita, ya shiga ta ƙofa ne da izininka, kuma kullen da ke hanya zai kare shi kamar yadda yake kare ka.

Shi Alhaji yanzu ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk ranar da yaro zai bar shago, kafin a yi lissafin haƙƙinsa, sai ya kira ni ya ce, "Malam, a soke ta wane." Minti biyar aikin yake ɗauka. A watan jiya ma mun soke guda, ta wani yaro da ya koma gida Katsina zai yi aure.