Zafin bazara

A ƙasar Nijar, shekara tana da lokuta huɗu: damina, kaka, ɗari da bazara. Bazara ita ce ta fi zafi. A watannin Afirilu da Mayu, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 da rana.

Tsofaffin ƙauye suna cewa zafin yanzu ya fi na da. Masu auna yanayi sun tabbatar da maganarsu. Daga wajen shekarar 1850 zuwa yau, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. A yankin Sahel, ranakun zafi sun yawaita, dare ma ba ya yin sanyi kamar da. Ran 3 ga Afirilu 2024, zafi ya kai digiri 48,5 a garin Kay na ƙasar Mali.

Me ya kawo haka? Motoci da masana'antu suna ƙona fetur, gas da kwal. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar karbon. Wannan iska tana taruwa a sama, tana rufe duniya kamar bargo, tana hana zafi fita. Saran itatuwa yana ƙara wa abin muni.

Zafin jikin mutum digiri 37 ne. In zafi ya yi yawa, jiki yana yin zufa. Zufar tana bushewa, jiki ya huce. Haka randa take sanyaya ruwa. Amma gab da damina, iska tana da laima, zufa ba ta bushewa da sauri. Shi ya sa mutane suka fi jin gumi a lokacin.

A ƙauye, aiki ba ya jira. Manomi yana sassabe, mata suna ɗebo ruwa a rijiya, makiyayi yana bin dabbobi cikin rana. Jarirai, tsofaffi da mata masu ciki su ne zafi ya fi galabaitarwa. Ciwon kai, jiri da suma alamu ne na haɗari. In mutum ya faɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a hanzarta zuwa gidan likita.

Mu sha ruwa tun ba mu ji ƙishirwa ba. Mu yi aiki mai wuya da sassafe ko da yamma. Mu sa malfa da tufafi marasa nauyi.

Itace ma yana kare mu. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram sun daina tumɓuke ƴan itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu. Ta haka miliyoyin itatuwa suka girma. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Inuwarsa tana nan lokacin da aka fi bukatarta.

Tambayoyi
1. Wace iska ce take hana zafi fita daga duniya?
2. Yaya zufa take sanyaya jiki?
3. Waɗanne itatuwa ne suke ba da inuwa a ƙauyenku?