Wa ke ƙirga mamatan yaƙi, kuma da wane mudu?

A 'yan shekarun nan gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji da 'yan jarida sun koma dogaro da rumbunan bayanai na masu bincike don sanin mutum nawa rikici ya ci. Matsalar ita ce alƙalumansu ba sa haɗuwa, kuma ba don wani yana ƙarya ba.

Saɓanin daga ma'anar yaƙi yake farawa. Shirin Correlates of War, wanda J. David Singer ya kafa a Jami'ar Michigan a 1963, ba ya kiran faɗa yaƙi sai an rasa mayaƙa 1,000 a shekara. Shirin UCDP na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin ya sauke ma'aunin zuwa mutum 25 a shekara, amma yana neman a san ƙungiyar da ta yi kisan. ACLED kuwa, wadda Clionadh Raleigh ta assasa, ba ta da iyaka: hari ɗaya a ƙauye, ko zanga-zangar da ba a zubar da jini ba, duk suna shiga kundinta. Kowa da mudunsa. Shi ya sa harin da jarida ta ce “'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba” suka kai a Zamfara zai iya fitowa a ACLED, ya kasa samun gurbi a Uppsala.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen labarin. Mafi yawan waɗannan rumbuna daga rahotannin kafofin yaɗa labarai suke ɗiba. Inda babu ɗan jarida, babu layin waya, aka yi jana'iza kafin la'asar, to mamacin bai shiga lissafin kowa ba. Inda labari ya fita ma, ya kan fita da baki biyu. Bayan harin Boko Haram a Baga a Janairun 2015, sojoji sun ce kimanin mutum 150 ne suka mutu, wasu rahotanni suka ce har 2,000. UCDP kan ba da adadi uku, na ƙasa da na sama da wanda ta fi amincewa da shi, sai dai kanun labarai adadi ɗaya kawai suke ɗauka.

Sannan ga waɗanda harsashi bai taɓa ba. Rahoton hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa rikicin arewa maso gabashin Nijeriya ya halaka kusan mutum 350,000 zuwa ƙarshen 2020, amma kimanin 35,000 ne kawai aka kashe kai tsaye. Sauran yunwa da cuta ne suka ɗauke su, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Kongo ma, ƙiyasin International Rescue Committee na mutuwar mutum miliyan 5.4 daga 1998 zuwa 2007 ya jawo doguwar muhawara tsakanin masana.

Illar ba a kan takarda take tsayawa ba. Da waɗannan alƙaluma ake raba kuɗin agaji, da su hukuma ke cewa tsaro ya inganta. Wanda ke son nuna an samu sauƙi sai ya ɗauko ƙidayar fagen daga, ya bar uwar da ɗanta ya mutu da tamowa a sansanin 'yan gudun hijira. Ya kamata 'yan jaridarmu su riƙa faɗin rumbun da suka ɗauko adadi da kuma waɗanda bai ƙirga ba, kuma a ƙarfafa ayyukan cikin gida irin Nigeria Watch da ke Jami'ar Ibadan, su riƙa sauraron rediyon Hausa da bakin masu unguwanni.