Rangadin La'asar a Yankari: Dalilin da Ya Sa Ake Jira Rana Ta Yi Sanyi Kafin a Fita Neman Giwa

A sansanin Wikki da ke cikin Gandun Namun Daji na Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, sau biyu ake fita da baƙi kallon namun daji a rana: da sassafe, da kuma lokacin da rana ta karkata zuwa la'asar. Fitar yamma ita ce ta fi dacewa da mutumin da ya taso daga birni, domin wanda ya bar garin Bauchi da hantsi zai iya isa, ya huta, ya ci abinci, sannan ya hau mota tare da ɗan jagora a nufi bakin Kogin Gaji.

Tafiyar ta haura kilomita 100. Ana bin hanyar Gombe har zuwa Dindima, a ratse zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take, daga nan kuma a yi kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin a kai Wikki.

Baƙi da yawa kan zo da tunanin gidan zu, inda dabba take a keji tana jiran mai kallo. Yankari fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba shi da katanga, kuma dabbobin da ke cikinsa ba su yi wa kowa alkawarin fitowa ba. Abin da baƙo yake biya shi ne damar gani, kuma abubuwa biyu ne ke ƙara wannan dama: lokacin da aka fita, da sanin mutumin da ke zaune kusa da direba.

Abin da ya sa sai da yamma

Amsar tana ga zafin rana da ƙishirwa. A watannin Maris da Afrilu zafi a wannan yanki kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Manyan dabbobi ba sa yawo a irin wannan yanayi, sai su shige duhuwa su tsaya cik, domin kowane motsi asarar ruwan jiki ne. Giwa ba ta yin gumi irin na ɗan Adam. Da kaɗa faffaɗan kunnuwanta take sanyaya jinin da ke bi ta cikinsu, sai kuma wanka da shafe jiki da taɓo. Babbar giwa kan sha ruwa fiye da lita 100 a rana, ta kuma ci ganye da ciyawa da ɓawon itace da nauyinsu ya kai kilo 150. Dabbar da ke da irin wannan buƙata ba za ta yi nisa da ruwa ba.

A nan ne Kogin Gaji ya zama ƙashin bayan rangadin baki ɗaya. Idan rani ya yi nisa, tafkuna da kududdufan da damina ta bari suna ƙafewa, amma Gaji ba ya yankewa, saboda maɓuɓɓugan da ke ciyar da shi daga ƙarƙashin duwatsu. Mafi shahara a cikinsu ita ce ta Wikki, wadda aka ƙiyasta tana zuba lita miliyan 21 a kowace rana, kuma ɗuminta yana nan a kan maki 31 dare da rana, rani da damina. Saboda haka daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, dabbobin da suka warwatsu a faɗin gandun suna tattaruwa a fadamun da ke bin kogin. Da rana ta yi sanyi sai su sauko: ɓauna garke-garke, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu da 'ya'yansa a jere da wutsiya a tsaye, sai kuma giwa idan an taki sa'a.

Da damina labarin ya sha bamban. Gamba kan yi tsawon da zai ɓoye mota, ruwa yana ko'ina, wasu hanyoyin kuma sun jiƙe ba sa biyuwa. Dajin ya fi kyan gani a lokacin, amma wanda ya zo don giwa zai iya komawa bai ga ko wutsiyarta ba.

Akwai kuma ƙarancin lokaci. A wannan sashe na ƙasar rana kan faɗi tsakanin ƙarfe shida da shida da rabi a watannin rani, kuma daga faɗuwarta zuwa rufawar duhu bai fi minti 25 ba. Sa'ar ƙarshe kafin magariba ita ce mafi albarka, ita ce kuma mafi saurin wucewa. A daidai lokacin ne dorina ke shirin barin ruwa don kiwon dare, inda takan ci ciyawa kusan kilo 40 kafin asuba, zabin daji da makwarwa kuma suna ta kai-komo a bakin hanya kafin su nemi makwanci.

Aikin ɗan jagora

Ba a barin baƙo ya kutsa cikin gandun shi kaɗai, ko da a motarsa yake. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin wata hanyar karɓar kuɗi. A ganina wanda ya taɓa zama a bayan ƙwararren ɗan jagora na sa'a biyu ba zai sake faɗin haka ba.

Idon baƙo dabba yake nema. Idon ɗan jagora alamunta yake bi. Sawun giwa a kan rairayi yana nuna inda ta dosa, girmansa kuma yana nuna ko toro ne shi kaɗai ko uwaye ne da 'ya'ya. Idan gefen sawun bai zube ba, kuma ƙwari ba su bi ta kansa ba, to ba ta daɗe da wucewa ba. Kashinta ma agogo ne: mai ɗumi da danshi na ɗazu ne, wanda ya bushe ya tarwatse na jiya ne ko shekaranjiya. Reshen kawo ko na taura da aka karya, wanda ruwansa bai bushe ba, shaida ce ta uku. Haka nan kukan gwaggon biri daga kan bishiya, ko tashin balbela daga wani lungu na fadama, kan sa ɗan jagora ya ce wa direba ya kashe mota a saurara.

Sai batun iska. Ganin giwa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure. Idan iska ta kwashi warin mutane da na man mota ta kai mata, garken zai juya tun kafin a hango shi. Ɗan jagora yana lura da inda iska ke kaɗawa domin ya zaɓi ɓangaren da za a ɓullo.

Babban nauyin da ke kansa shi ne na rayukan mutanen da ya ɗauko. Garken giwaye tsohuwar uwa ce ke jagorantarsa, kuma ba ta wasa da abin da ya shiga tsakaninta da ƙananan 'ya'ya. Kafin ta kai hari takan yi gargaɗi: ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, ta girgiza shi, wani lokaci ta yi kururuwa ta tako 'yan taku. Wanda ya san waɗannan alamu yakan ja baya tun a na farko, kuma tun da farko ba ya tsayar da mota sai ta fuskanci mafita. Tsohon ɓauna da ya ware daga garke shi ma abin tsoro ne, haka dorinar da aka tare wa hanyar komawa ruwa. Wannan ne asalin dokokin da ake karanta wa baƙi: kada a sauka daga mota sai an ba da izini, kada a ɗaga murya, kada a miƙe tsaye farat ɗaya, kada a jefa wa dabba abinci.

Dokar abincin tana da hujjarta a cikin sansanin kansa. Gwaggon birin Wikki sun daɗe da gane cewa leda a hannun mutum tana nufin abinci, har sukan fizge ta, su kuma shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Baƙi ne suka koya musu wannan hali a tsawon shekaru, kuma ba a iya karɓe shi daga gare su.

Wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: akwai ƙudan tsando a kurmin bakin kogi, kuma baƙar tufa da shuɗiya mai duhu suna jawo shi. Tufa mai launin ƙasa, mai dogon hannu, ta fi dacewa. A Disamba da Janairu kuma, lokacin hunturu, buɗaɗɗiyar mota kan yi sanyi sosai a hanyar dawowa.

Abin da ya rage a dajin

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a matsayin gandun ƙasa, sannan a 2006 aka mayar da shi ga Jihar Bauchi. A cikin waɗannan shekaru an yi asarar da ba a dawo da ita ba. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda a da suke cikin dajin, babu su yanzu.

Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta gano giwaye 348. A shekarun da suka biyo baya masu farautar haure suka yi musu mummunar ɓarna, har ƙiyasin ƙungiyar kare namun daji ta WCS ya dawo tsakanin 100 da 150. Duk da haka wannan garke yana cikin mafi girma da suka saura a Najeriya, ƙasar da giwayenta baki ɗaya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Farfaɗowarsu kuma ba ta sauri ba ce, domin giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ɗa guda take haifa, sannan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake.

Zaki ya fi shiga tsaka mai wuya. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a Najeriya wuri biyu kaɗai aka same su: Yankari da gandun Tafkin Kainji. Baƙon da ya ga zaki a rangadin yamma ya ga abin da mafi yawan masu zuwa ba sa gani. Ɗan jagoran kirki ba ya yi wa kowa alkawarinsa. Iyakarsa ya nuna sawu idan an ci karo da shi.

A 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da WCS kan kula da tsaron gandun. Aka ƙarfafa sintirin masu gadin daji, aka kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke aika bayanin inda suke ta tauraron ɗan Adam. Ƙungiyar ta ba da rahoton shafe shekaru a jere, tun daga 2015, ba tare da an kashe giwa don haurenta ba. An biya wannan nasara da tsada, domin akwai masu gadin da suka rasa rayukansu a arangama da mafarauta. A matakin tarayya kuma, an lalata haure tan biyu da rabi da aka ƙwace, a Abuja, cikin Janairun 2024, sannan a watan Agustan shekarar aka ƙaddamar da shirin ƙasa na shekara goma don kare giwaye.

Motar baƙi tana da nata amfani a cikin wannan aiki. Kuɗin shiga da na rangadi kuɗin shiga ne ga jiha, kuma su ne hujjar da ake nunawa idan ana muhawara kan ko dajin ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi. Bayan haka, hanyar da mota ke bi safe da yamma hanya ce da mafarauci da mai shigo da shanu kiwo suke kaffa-kaffa da ita.

Manoman da ke gefen gandun

Sa'ar da baƙo ke addu'ar ganin giwa ita ce sa'ar da manomin ƙauyukan da ke kewaye da gandun yake fargabar ganinta. Idan masara da dawa suka kosa a ƙarshen damina, giwaye kan fito da almuru su shiga gonaki, kuma garke ɗaya na iya cinye noman shekara na gida guda a dare ɗaya. Mutumin da aka yi wa haka ba ya jin daɗin a ce masa giwa dukiyar ƙasa ce, kuma yana da gaskiyarsa.

Don rage wannan rikici aka ɗauki wasu mazauna ƙauyukan aikin sa ido kan motsin giwaye, suna sanar da jami'ai da maƙwabta idan garke ya doso gona domin a kora shi da hayaniya da fitilu kafin ya yi ɓarna. Bayanin da na'urorin wuyan giwayen ke aikowa yana taimakawa wajen yin gargaɗi da wuri. Matakan sun rage asara amma ba su kawar da ita ba, kuma tambayar ko nawa ne daga kuɗin da baƙi ke kashewa a Wikki yake isa ga waɗannan ƙauyuka tambaya ce da ta kamata hukumomin jihar su riƙa amsawa a fili. Mai gadin daji ba zai iya tsare iyakar da ta kai ɗaruruwan kilomita ba idan mutanen da ke zaune a bakinta suna ganin dabbar a matsayin abokiyar gaba.

Ga mai niyyar zuwa, akwai batun hanya. A 'yan shekarun nan an sami rahotannin hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Alkaleri, don haka ya dace a tuntuɓi hukumar gandun kan halin da ake ciki kafin a taso. Rangadin yamma yana ƙarewa ne da magariba, kuma bin dajin da dare zuwa Bauchi ba dabara ba ce. Masu zuwa sukan kwana a ɗakunan Wikki, su yi wanka a maɓuɓɓugar, washegari kuma su bi motar sassafe, wadda ke fita tun sawun da dabbobi suka bari cikin dare yana nan a kan hanya.