Hayaƙin Inji: Wanne Ya Fi Illa, Mai Bugu Biyu Ko Mai Bugu Huɗu?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a Malam Madori. Ya ce yana da ƙaramin janareto irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana kuma da injin ban ruwa da ake zuba wa fetur zalla. Janareton sai tuƙa hayaki shuɗi, injin ban ruwa kuwa ba ya yi. Yana tambaya, mene ne dalili, kuma akwai doka a kai?

To malam, injunan nan naka ba jinsi ɗaya ba ne. Na ban ruwan shi ne mai bugu huɗu. Fistan ɗinsa yakan sauka ya jawo fetur da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya sake sauka, sannan ya hau ya kori hayaƙi. Ƙofar shigar mai daban, ta fitar hayaƙi daban. Baƙin mai kuma yana can ƙasa a mazauninsa, ba ya shiga wuta.

Janareton kuwa mai bugu biyu ne, hawa ɗaya da sauka ɗaya ya gama aikin. A nan gizo ke saƙar. Ƙofofinsa biyu suna buɗe a lokaci guda, sabon mai ne ke tunkuɗa hayaƙi waje. Ka ɗauka tulu ne cike da gurɓataccen ruwa, kana ɗura masa mai kyau don ya kori na ciki. Ai dole wani mai kyan ya bi ya zube. Haka fetur ke bin salansa ɗanye bai ƙone ba, kuma a irin waɗannan injuna masu kafireta yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Wato a lita 4 da ka saya, kusan lita 1 iska ka shayar. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, ba sai na yi maka lissafin wannan ba. Shuɗin da kake gani kuma baƙin man nan ne da ka haɗa yake ƙonewa, shi ke sa yaji a ido da tari. Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar Vespa a hanyar Haɗeja ya san abin da nake faɗi, ga Boxer kuwa tana wucewa ba ka ganin komai.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka da Kanada akwai wani irin babur da ake hawa a kan dusar ƙanƙara, da can yawancinsu masu bugu biyu ne. A 2002 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan gubar da za su fitar, dokar ta soma aiki a kan ƙirar 2006. Sai kamfanoni suka koma ƙera masu bugu huɗu, wasu kuma suka gyara masu bugu biyun yadda ake fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Ka ga masu ƙera injin aka matsa wa, ba mai saye ba.

A nan gida an kafa hukumar NESREA a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa masu fetur da dizal a 2011. A 2015 hukumar Kwastan ta sanar cewa an hana shigo da ƙananan janareto irin naka saboda hayaƙinsu. Ni dai a ganina, doka na nan a takarda, amma kada ka jira wani jami'i ya biyo ka fadama da na'urar awo.

Sai dai ka yi hattara da abu guda. Rashin ganin hayaƙi ba shi ne lafiya ba. Duka injunan biyu suna fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, daga nan sai dai labari. Saboda haka, ko don tsoron ɓarayi, kada ka kunna inji a ɗaki, ko zaure, ko shago a rufe. Kada kuma ka sauka da injin ban ruwa cikin rijiya ko rami mai zurfi yana aiki, nan iskar ke taruwa.

Janareton kuma, in ba ka da halin canza shi yanzu, ka daina zuba masa baƙin mai da ka. Duba takardarsa. Yawancin irinsu mudu ɗaya na mai ne ga mudu 50 na fetur, wato kamar cokalin shayi 4 a lita guda. Kuma ka nemi mai na 2T, ba ragowar da aka juye daga mota ba.