Baƙo, Ɗan Gari Ko Sarki? Yadda Ake Raɗa Wa Matakan Mambobi Suna A Guruf Da Manhaja

Duk wanda ya taɓa riƙe guruf mai mutum ɗari biyu zuwa sama ya san inda matsalar take. Wanda ya shigo jiya da daddare yana da ikon tura duk abin da wanda ya shekara uku a ciki zai tura: linki, lambar akawun, tallar takin da babu shi. A nan yankinmu na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke biyo kanal ana noma rani da damina, guruf ɗin farashin tumatir ko shinkafa ba wurin hira kaɗai ba ne. Mutum kan duba wayarsa ya yanke shawarar ko ya ɗebi tumatirinsa yau ya kai Kwanar Gafan, ko ya bari sai jibi. Idan farashin da ya gani na ƙarya ne, kwandunansa ne za su ruɓe.

Maganin da masu gina manhaja suka daɗe suna amfani da shi shi ne raba mambobi mataki-mataki, sabo yana da iyakarsa, wanda aka saba da shi yana da ƙarin dama. Rubuta wannan a kwamfuta ba wuya, layi kaɗan ne. Abin da ke ba da wahala shi ne sunan da za a liƙa wa kowane mataki, domin shi mutane ke gani kusa da sunansu kullum, kuma da shi suke auna wanda za su yarda da maganarsa.

Yadda manyan kamfanoni suka yi

Ka riga ka san irin wannan tsari ko ba ka lura ba. Idan kana da OPay ko PalmPay ko Moniepoint ka ga Tier 1, Tier 2 da Tier 3. Asalinsa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ce ta 2013, wadda ta kasa asusu gida uku gwargwadon bayanan da mutum ya bayar. A gyaran da aka yi wa masu hada-hadar kuɗi ta waya a 2017, matakin farko yana iya juya naira 50,000 a rana, kuma kuɗin cikin asusun ba za su wuce naira 300,000 ba. Na biyu 200,000 a rana, na uku miliyan 5. Sunayen ba daɗi, lamba ce tsura. Amma ba wanda ya taɓa jin an wulaƙanta shi don yana Tier 1, kuma kowa ya san abin da zai kawo a ɗaga shi.

Google Maps ma lamba yake amfani da ita ga masu saka hotuna da bayanan wurare, daga mataki na 1 zuwa na 10. Ana shiga na 2 da maki 15, tambarin tauraro yana fitowa a na 4 da maki 250, na 10 kuma sai maki 100,000. Wikipedia ta Turanci ta fi burge ni, domin ba ta damu da ado ba. Asusun da ya kwana 4 ya yi gyara 10 yana samun damar taɓa wasu shafukan da aka kare, wanda ya kwana 30 ya yi gyara 500 yana samun ƙarin wata damar. Ka lura abu biyu aka haɗa, lokaci da aiki. Ɗan damfara yana iya tura saƙo hamsin a dare ɗaya, amma ba shi da yadda zai yi kwana talatin su cika a dare ɗaya.

Sai Duolingo, wadda ta jera rukunan gasarta guda 10 da sunayen ƙarafa da duwatsu masu daraja, daga tagulla zuwa lu'ulu'u. Tagulla, azurfa, zinare, kowa ya san jerinsu. Daga nan kuwa sai ka tsaya kana tambaya wane dutse ne ya fi wane. Sunan da sai an yi wa mutum bayanin cewa ya fi na ƙasansa bai yi aikinsa ba.

Bahaushe ya riga su

Tun kafin waya, tsangaya tana da matakanta: ƙolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani, gangaran. Ba yawan surutu ke kai mutum alaramma ba, akwai abin da za a gwada shi a kai a gaban mutane. Haka sarautar Sarkin Noma a al'ada, ana danganta ta da wanda ya noma dami dubu, abin da ido zai gani a ƙirga. Wannan shi ne abin ɗauka, kowane suna yana tsaye a kan abin da za a iya tabbatarwa.

Amma a nan ma akwai abin lura. Ƙolo da gardi a cikin tsangaya sunan mataki ne kawai. Ka fito da su waje ka kira wani da su a kasuwa, ka ga yadda fuskarsa za ta canja. Sunan matakin ƙasa shi ne ya fi saurin komawa zagi, kuma shi ne mafi yawan mambobinka za su ɗauka, domin a kowane guruf masu karatu su yi shiru sun ninka masu magana. Na ga manhajojin da aka ɓata mako ana neman suna mai armashi ga matakin ƙoli wanda mutum biyar ne za su taɓa kaiwa, aka bar mutum ɗari huɗu da sunan da aka zaɓa cikin minti ɗaya.

Matsalar Baƙo da matsalar Sarki

Sunan da ke fara zuwa bakin kowa ga sabon mamba shi ne Baƙo. Ba laifi, baƙo abin girmamawa ne a wurinmu. Sai dai Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, wato ba mazauni ba ne, gari na wayewa zai tafi. Idan manomin da ya shekara ashirin yana noman shinkafa a Kadawa ya shigo guruf ɗin manoman shinkafa, ya ga wani yaro ɗan sakandare da tambarin Tsohon Hannu shi kuma an rubuta masa Ɗan Koyo, to ka rasa shi, kuma shi ne wanda ya san lokacin da ya kamata a yi feshi. Sabo ne a wayarka, ba sabo ba ne a gona. Sunan matakin farko ya kamata ya faɗi daɗewarsa a guruf, kada ya taɓa iliminsa ko shekarunsa.

A ɗaya gefen kuma akwai sha'awar raba sarauta: Sarki, Waziri, Galadima, Madaki. Yana da daɗin ji, kuma ni ma na san yana sa mutane zumuɗi. Amma ina ba da shawarar a guje shi saboda dalili biyu. Na farko, waɗannan sarautu suna da masu su a zahiri, kuma a gari irin namu ba abin mamaki ba ne a samu ɗan gidan hakimi ko dagaci a cikin guruf ɗin. Na biyu ya fi haɗari. Sarkin Kasuwa ko Sarkin Dillalai a kunnen Bahaushe mutum ne da ke tsaya wa ciniki, idan an cuce ka wurinsa za ka kai ƙara. Idan manhajarka tana ba da wannan suna kai tsaye ga duk wanda ya tura saƙo 500, to ka ba wa mai yawan surutu rigar amana kyauta. Ranar da ya turo lambar akawun ya ce a tura kuɗin taki, za a tura, kuma kai da ka raɗa sunan za a nema.

Dokar da nake bi ita ce duk matakin da kwamfuta ke bayarwa da kanta, sunansa kada ya yi kama da shaidar gaskiya. Sunan da ke nufin “mun san shi, mun yarda da shi” sai dai mutum ya bayar da hannunsa, bayan an ga shagon ko gonar, ko wasu mutum biyu sanannu sun tsaya masa.

Namiji ko mace?

Ga wata matsalar da Turanci ba shi da ita. Baƙo ko baƙuwa? Ɗan gari ko 'yar gari? Sabon shiga ko sabuwar shiga? Duk wanda ya san Kura ya san hannun mata a harkar turara shinkafa, don haka guruf ɗin shinkafa da ke kiran kowa “ɗan” wani abu ya riga ya gaya wa matan cewa ba a yi tsammanin zuwansu ba. Za ka iya tambayar jinsi wurin rajista, amma ƙarin tambaya ne, kuma waya ɗaya sau da yawa miji da mata ne ke amfani da ita.

Akwai hanyoyin kauce wa wannan. Kalmar “mai” ba ta da jinsi: Mai Taimako, Mai Kula, Mai Kawo Farashi. Jam'i ma haka, sai ka rubuta Sababbin Shiga ko 'Yan Gari a matsayin sunan rukuni. Amma wadda na fi so ita ce a daina raɗa wa mutumin suna, a raɗa wa matakin. A yankin noman rani ba sai an nemo duwatsun Duolingo ba, ga Reno, ga Dashe, ga Girbi. Yaro ƙarami ma ya san ana renon iri kafin a dasa, ana dasawa kafin a girbe. Ba namiji ba mace, ba wanda zai ji haushi don yana Reno, domin kowace shuka daga nan ta faro, kuma sunan da kansa yana nuna cewa gaba za a yi. Guruf ɗin masu gyaran waya ko masu ɗinki sai su duba cikin sana'arsu, za su samu jerin da kowa ya sani.

Uku sun isa. Idan ka yi bakwai, kai da kanka sai ka duba takarda kafin ka tuna na huɗu.

Kowane suna da ƙofar da yake buɗewa

Mataki mara amfani ado ne kawai, bayan mako biyu ba mai kallonsa. Stack Overflow, inda yawancinmu masu koyon rubuta manhaja da kanmu muka sha neman mafita, ya shekara da shekaru a kan wannan tsari: maki 15 ka iya yaba amsar wani, 125 ka iya rage mata daraja, 2,000 ka iya gyara rubutun wasu ba tare da jiran amincewa ba. Ga guruf ɗin manoma, misali, Reno yana karantawa yana tambaya, amma ba ya tura linki ko lambar akawun. Bayan kwana 30 ba tare da ƙorafi a kansa ba ya koma Dashe, ya iya tallata kayansa. Girbi su ne waɗanda farashin da suka kawo ake liƙawa a sama, kuma admin ne ke zaɓarsu.

Kada ka ƙirga yawan saƙo shi kaɗai. Manoman da ke ƙarshen kanal sun san yadda ake ji idan na bakin ƙofar ruwa ya sha ya ƙoshi kafin ya iso gare su, shi ya sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke tsara rabon da kwana-kwana. A guruf ma mai data da yawa da lokacin zama shi ne na bakin ƙofa. Wanda ke wuni a gona ya buɗe waya sau ɗaya da daddare ya faɗi farashin gaskiya ya fi shi amfani, amma lissafin saƙo ba zai taɓa nuna haka ba. Sannan ka yanke tun farko ko ana saukowa daga mataki. Wanda ya bar harkar tumatir shekara biyu bai kamata farashinsa ya ci gaba da hawa sama ba, amma ka sanar da dokar tun ranar farko, domin sauke mutum ba zato ya fi hana shi hawa ciwo.

A aikace

WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a guruf, amma iko iri biyu kawai ya sani, admin da mamba. Dabarar ita ce amfani da Communities, wanda ya fito a Nuwamba 2022, ka buɗe guruf biyu a ƙarƙashinsa. Na farko kowa na iya shiga, na biyu ka kunna amincewar admin kafin a shigo. Sunan guruf ɗin shi ne sunan matakin.

Telegram ya fi sassauci. Za ka iya hana mamba ɗaya tura linki ko hoto ba tare da ka cire shi ba, kuma za ka iya rubuta wa admin laƙabi na musamman. Laƙabin ba ya wuce harafi 16 kuma ba ya karɓar emoji, don haka Mai Kawo Farashi ya cika ma'aunin cif, ko harafi ɗaya ba zai ƙaru ba.

Idan kuma manhajarka kake ginawa, kada ka ajiye sunan matakin a rumbun bayanai. Ajiye lamba, 0 da 1 da 2, sunayen kuma su zauna a fayil ɗin rubutu daban. A Android wannan shi ne strings.xml a cikin foldar values-ha. Ranar da mambobi suka ce ba sa son suna, layi ɗaya za ka canja, ba sai ka taɓa asusun kowa ba. Ka kuma kula da haruffa masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne mabambanta, don haka wanda ya rubuta “bako” a akwatin bincike ba zai samu “baƙo” ba sai ka koya wa manhajar ta ɗauke su abu ɗaya. Kafin ka saki sunayen, ka gwada su a ƙaramar waya mai tsohon Android ka ga ko ƙ da ɗ suna fitowa daidai ko akwati-akwati suke zama, sannan ka karanta su da ƙarfi a gaban wani dattijo da wata mace daga cikin mambobin, ka kalli fuskarsu lokacin da ka zo kan na farko.