Ƙungiyar Fatima: Daga Jajayen Shaiɗanu Zuwa Mala'iku

Duk wanda ya tashi a Kilomita Biyar ya san unguwar Fatima, domin maƙwabtanmu ne, da ƙafa ma ana zuwa. Daga wannan unguwa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Fatima ta samo sunanta. A da ana kiranta Diables Rouges, watau Jajayen Shaiɗanu, kuma da sunan nan ta zama zakaran ƙasa a 1974, 1978, 1983 da 1988. Daga baya aka sake mata suna Anges de Fatima, watau Mala'ikun Fatima, ta kuma ɗaukar kofin a 2005.

Dattawanmu ba su manta ba, ranar da za ta kara da Tempête Mocaf gardama ke kaurewa a rumfunan kasuwa, ba mai tambayar addinin wanda ya ci ƙwallo.

Rikicin Disamba 2013 ya raba unguwannin biyu, har aka kai wa cocin Fatima hari a 2014 da 2018. Yaranmu da yawa labarin wutar kawai suka sani. Ya kamata mu iyaye mu ba su na ƙwallon ma. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.